Haƙoran Takalmi

Ni ba na zuwa filin wasa.
Rumfata na bakin kwata a Aboabo,
tsakanin mai koko da mai cajin waya,
amma duk ƙwallon da Masa'udu ya ci
ta hannuna ta fara biyowa.

Ranar farko takalmin aro ya kawo,
na hagu ya wage baki kamar tarwaɗa.
Ya ce, “Baba Inusa, gobe za a gwada mu,
kuɗi kuwa sai Allah ya hore.”
Na sa basilla, na ja zare da kaki,
na cusa tsumma a gaba don ya yi masa yawa.
Washegari Damisar Tafo ta rubuta sunansa.

Rukuni na biyu, fili rabi ciyawa rabi tsakuwa.
Sha tara ya zuba a raga kaka ɗaya,
bakwai da ka, saura da wannan hagun.
'Yan unguwa suka sa masa Allura,
wai ba ya neman ƙofa, saƙa yake ratsawa.
Na ce to, ai ɗan gida ne.

Sai Akra ta aiko mota mai sanyi.
Shekara uku ban ga ƙafarsa ba,
sai rediyon mai shayi,
mai sharhi na jan sunansa da Asantanci
har numfashi ya ƙare masa.
Ranar da ya ci a wasan kofi, ɗan ƙasa ne.
Ranar da ya ɗaga fenariti sama da turke,
suka tuna ɗan zango ne.
Uwarsa ta yi kwana uku ba ta dafa wake da shinkafa ba,
masu saye na tsaye da kwano.

Daga nan wani dillali mai waya biyu
ya kai shi inda rana ke faɗuwa da la'asar.
Wata takwas a benci da bargo,
minti arba'in kacal ya taka ciyawa.
Ya dawo ya ajiye min takalmi sabo fil,
ƙasansa ko ƙura babu.
A sana'ata ban ga abin tausayi kamarsa ba.

Aro zuwa Obuwasi, wajen masu haƙar zinari,
albashin wata biyar yana bakin shugaba.
Tun kafin likita ya ce gwiwa, ni na sani:
dunduniyar dama na cinyewa ta gefe guda,
mutum na ɓoye ciwo, takalmi ba ya ɓoyewa.
Na faɗa masa. Ya ce, “Ɗinka kawai, Baba.”
Na ɗinka.
Har yau ban san ko na kyauta ba.

Ta ƙarshe ba ta da kyau.
Ana ruwa, 'yan kallo ba su kai ɗari biyu ba,
ta bugi ƙwaurinsa ta gangara
kamar mai jin kunyar shiga.
Ɗari da huɗu ke nan,
in ka haɗa da wadda alƙali ya kashe a Sunyani
wai satar gida.
Shi har gobe yana ƙirga ta.

Jiya bayan azahar ya zo yana ɗingishi kaɗan,
hannunsa da baƙin mai na garejin Suwame.
Ya ce in cire haƙoran, in sa tafi shimfiɗaɗɗe,
fatar na da sauran kwana, asara ce a yar.
Na ɗauko filaya.
Ɗaya bayan ɗaya suka faɗa gwangwanin madara,
sha biyu, kowanne da ƙararsa.
Ya miƙo sidi goma, na ture.
Na ce akwai tsohon bashi tun na tarwaɗa,
kuma wannan ba ka isa ka biya ba.